Yadda Na Hana Alhaji Ruwa

Tun da na fita takaba mata suke tare ni a hanyar Islamiyya, su yi ƙasa da murya su ce, "Hajiya Rabi, wai da gaske ne kin hana maigidanki ruwa har Allah Ya karɓi abinsa?" Masu kunya ba sa tambaya, da ido kawai suke raka ni har in sha kwana. Na gaji da ba kowa amsa shi kaɗai, shi ya sa na zauna na rubuta a wuce wurin. E, na hana shi. Duk wanda Allah Ya jarrabe shi da mai ciwo irin na Alhaji ya daure ya karanta har ƙarshe, ko ya tsira daga abin da ni ban tsira ba.

A Agege aka haife ni, a nan aka ɗaura mini aure da Alhaji, dillalin goro, mutumin Gwarzo da ya sauko Legas tun yana saurayi. Mutum ne mai ci, mai surutu, bai taɓa sa hannu a kwano shi kaɗai ba. Kullum da azahar sai in fitar da tire ƙofar gida, shi da abokansa su kewaye, ana ci ana gardamar kasuwa da siyasa, muryarsa ce a sama. In sun tashi ya wanke hannu ya ɓara goro ya jefa a baki. Haka na san shi shekara da shekaru.

Shekarar da soja suka miƙa mulki hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari sai yana zaune take zuwa, in ya ɗauki abu ta lafa. Muka ce sanyi ne. Wasu suka ce hannu aka sa masa a kasuwa, don goronsa ya fi na kowa fita. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, mai kemis na bakin titi ya yi ta ɗura masa maganin ƙarin jini har ya gaji. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daskare, mutumin da ake jin dariyarsa daga layin baya ya zama kamar wanda aka yi wa mutuwa. Sai da Abba, babban ɗanmu da ke tuƙa tirela a Apapa, ya ajiye mota ya ce wallahi sai asibiti.

Asibitin gwamnati kuwa, Allah Ya raba ku da zuwansa, Ya kuma saka wa na kirkin cikinsa da alheri. Mu fita bayan asuba, mu yi ta dambe da danfo, ƙananan bas ɗin Legas, har Oshodi, kwandasta na ihu wai tsoho ya yi sauri, tsohon da ɗaga ƙafa ɗaya aiki ne a wurinsa. Mu yanki kati mu zauna a benci har rana ta take, sannan wata nas ta leƙo ta ce, "Doctor never come," wato likita bai iso ba, kamar mu ba mu da ido. Bayan zarya mai yawa muka samu ganinsa. Ya sa Alhaji ya taka, ya lanƙwasa masa hannu ya miƙar, ya ce sunan ciwon Fakinsan. Ba ya warkewa, amma akwai ƙwaya mai lafar da shi. Ƙwayar ta fi nama tsada, ga ta ba a samunta a Agege sai Abba ya shiga cikin gari, amma ta yi aiki. Rawar ta ragu, Alhaji ya koma leƙa kasuwa, muka ce Alhamdu lillahi.

Abin da har gobe nake jin haushinsa, ba wanda ya gaya mana ciwon nan yana sauka maƙogwaro. An yi mana maganar hannu, an yi ta ƙafa, an ce a kula kada ya faɗi. Ko kalma ɗaya a kan haɗiya ba a yi ba.

A hankali abin ya zo, kamar yoyon rufin kwano. Ya kurɓi shayi sai tari. Yawu ya fara zubo masa ba tare da ya sani ba, na riƙa sa masa hankici a kowane aljihu. In ya gama shan abu muryarsa ta koma kamar ta mai magana da ruwa a baki. A tiren ƙofar gida abokai su cinye su wanke hannu, shi yana nan da lomar farko a kumatu yana juya ta. Ran nan garin goro ya sarƙe shi a gabansu, ya yi ta tari har hularsa ta faɗi ƙasa. Tun daga ranar ya ce a ɗaki zai riƙa ci. Riguna suka fara yi masa yawa. Ni kuma duk sanda loma ta tsaya sai in ce, "Alhaji, ka kora da ruwa mana." Wa ya san wani abu ban da haka? Yaro ya ƙware, ruwa. Babba ya ƙware, ruwa, a bubbuga masa baya.

Labari ya kai gida, sai ga Yaya Asabe, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta hawo bas daga Gwarzo ta zo jinyar ƙaninta. Zan faɗi gaskiya a kanta: tana son Alhaji so na haƙiƙa, ita ta goya shi, kuma ba ta da ƙiwa. Wanki, shara, matsa masa ƙafa, duk ba ta jira a ce. Amma Yaya ba ta taɓa yarda akwai abin da ba ta sani ba, ni kuwa a wurinta haihuwar Kurmi ce, ban iya komai ba sai Yarabanci da zuba barkono.

Ba ta yi mako ba abin ya faru. A ranar, garau-garau na dafa, da mai da yaji, don yana so. Yana ci Yaya na ba shi labarin gida, wane ya mutu, wance ta haihu, ya buɗe baki zai amsa, sai shinkafa ta bi inda ba hanyarta ba. Ido ya firfito, fuska ta yi baƙi, ba tari ba numfashi, sai kakari. Yaya ta saka salati, ta kwantar da shi a kan hannun dama ta fuskantar da shi gabas, ta ce, "Rabi, ruwa! Maza ruwa, tafiya zai yi, kada ya tafi da ƙishi!" A wurinmu ai babu abin kunya irin a ce mutum ya cika dangi na tsaye ba a ɗiga masa ruwa ba. Na kawo da gudu. Tana laƙanta masa kalmar shahada tana ɗura masa da ludayi, yana kwance. Allah Ya sa Abba na gida, ya faɗo ɗakin ya ɗago shi zaune, ya sunkuyar da shi ya buga masa tsakanin kafaɗu, shinkafar ta yi waje. Muka yi ta hamdala, Yaya na cewa ai ruwan ne ya taimaka.

Ba a kwana biyu ba zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa. Muna zuwa asibiti aka ba shi gado.

A nan muka haɗu da wata likita Bayarabiya, 'yar gajeruwa mai saurin magana, wadda ba zan daina yi wa addu'a ba. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni yadda yake cin abinci. Da na ba ta labarin ludayi sai da ta dafe kai. Ta ce hanya biyu ce a maƙogwaro, ta abinci da ta numfashi, akwai kuma ɗan murfi da ke rufe ta numfashin duk sanda mutum ya haɗiye. Ciwon da ya sa ƙafar Alhaji jan jiki shi ya sa murfin ma jinkiri. Ruwa kuwa ba ya jira, kafin murfi ya rufe ya riga ya gangara huhu, a can ya zauna ya zama ciwo. Ta ɗaga ledar fiya wata da ke kan durowa ta ce, "Madam, this water wey you dey see so, na him be enemy now." Ruwan nan da kike gani, shi ne abokin gabarsa yanzu. Duk abin da zai sha sai mai kauri, mai tafiya a hankali. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce wannan karon za ta iya ceto huhun, amma in aka sake, ba ta yi mini alkawari ba. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Mun fi mako biyu a ɗakin nan. Sauro ya ci rabonsa, komai sai ka saya, daga allura har auduga har safar hannun da za a taɓa ka da ita, ruwan wanka ma a jarka Abba ke kawowa. Sarƙata ta Makka a nan ta tafi. Wata nas ta wanke ni tas don na zauna a bakin gado, ita ce kuma ta tsaya ta koya mini yadda zan riƙa goge masa baki da haƙora bayan kowane ci, don abin da ya maƙale a kumatu shi ma huhu yake nufa. Har yau ban san ko godiya zan yi mata ko ramuwa ba.

Muka dawo gida na kafa doka. Ba a ba shi abinci sai ƙwaya ta fara aiki a jikinsa, don a lokacin maƙogwaron ya fi jin magana. Zai zauna a kujera baya a miƙe, ba kishingiɗa, in zai haɗiye ya sunkuyar da haɓa wajen ƙirji. Da cokalin shayi nake ba shi, sai ya haɗiye ya sake haɗiyewa na leƙa bakin na ga ba komai sannan in ƙara. A kashe rediyo, ba hira, ko sallama aka yi ni zan amsa. In ya gama ba kwanciya sai abincin ya faɗa. Garau-garau, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, jiƙaƙƙen gari mai ruwa a sama, duk na sallame su. Burodin Agege da muke taƙama da shi ma liƙewa yake a baki, sai na jiƙa shi ya narke a kunu. Goro kuwa ko ƙamshinsa. Abin da ya karɓe shi tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka, amala da ewedu, miyar yauƙin Yarabawa, ayaba da gwanda a dame, fura mai kauri da aka tace. Iya Bose, maƙwabciyarmu mai sayar da ogi, wato kamun Yarabawa, kullum da safe sai ta ware mini mai kyau, in ta gan ni ta yi mini sannu da Yarabanci ta ce, "Pele o, Iya Abba, Allah zai duba wahalarki." Da kamun nan nake kaurara komai, shayi, zoɓo, har ruwan kansa sai na dama shi ya kama cokali. Ƙwayar ma a cikin ayaba nake tura ta.

Ci ɗaya sai ya ɗauke mu daga azahar har kusa da la'asar, tuwo ya huce in ɗumama, ya sake hucewa. Ran nan Alhaji ya dube ni da daskararriyar fuskar nan, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Rabi, soja sun koma bariki, ke kin fito." Na ce, "Na ji. Sunkuyar da kai."

Da ni da ciwon kaɗai aka bari da na iya. 'Yan dubiya ne suka kusa haukata ni. Hausawan Agege ba a raba su da zumunci, Allah Ya saka musu, amma ba mai zuwa hannu rabbana, kuma duk abin da aka riƙo na sha ne. Wannan da gorar rubutu, wancan da tsimin da masu kayan miya na kasuwar Mile 12 suka sauko da shi daga gida, alhazai da zamzam a 'yar jarka. Kowa kuma so yake a sha a gabansa, ya ga ladansa ya shiga ciki da idonsa. In na ce a ajiye zan ba shi daga baya, sai a ɓata rai. Alhaji Mamman, amininsa tun zuwansu Legas, sai da na kama shi yana tura masa ɓarin goro ta ƙarƙashin hannun riga, kamar 'yan firamare. Na ce, "Alhaji Mamman, kashe shi za ka yi?" Ya ce, "Haba Hajiya, goro ne fa. Da shi muka gina gidajen nan."

Na aiki Abba wurin limamin unguwa ya tambayo ko ya halatta a zuba rubutu a koko. Liman ya ce ba laifi, zamzam ma haka. Da Yaya ta gan ni ina dama zamzam da kamu sai da ta tafa hannu. "Yau na ga abin da ya ishe ni! Ruwan da aka ɗauko tun daga Makka, shi za ki mayar koko? Ke wace irin zuciya gare ki, Rabi? Ko maƙiyinka ne ya roƙi ruwa ai ka ba shi." Na ce, "Yaya, likita ce ta ce." Ta ce, "Likitar ce ta goya shi?" Ba a jima ba magana ta zaga unguwa: Rabi ta hana mijinta ruwa. Wasu suka ƙara gishiri, wai gidan nake so in gada. Gidan da rabinsa 'yan haya ne, in ana ruwa sai mun jera bokitai a falo!

Na ɗauke randa daga ƙofar ɗakinsa, na sa wa firij kwaɗo, na dasa kujerata a bakin ƙofa. Duk wanda zai shiga sai na ga hannunsa. An ce na yi rashin kunya, na yarda. Amma tari ya ragu, zazzaɓi bai dawo ba, kumatunsa suka ɗan ciko. Da muka koma ganin likitar ta ɗora shi a sikeli ta ce, "Madam, you try," wato na yi ƙoƙari. Na dawo gida ina jin kaina kamar an naɗa mini sarauta. Mun yi watanni a haka, har da salla ya sa babbar riga aka ɗauke mu hoto da jikoki.

Sai bazara ta shigo da zafin nan na Legas mai danƙo, ga wuta ba ta zama, fanka ta zama ado. Jikoki su shigo da gudu su fasa ledar ruwa da haƙori su tsotse, Alhaji ya bi su da ido har su yar da ledar. Ya ce, "Rabi, ko kurɓi ɗaya." In kawo masa damammen ruwansa mai sanyi. Ya ce, "Wannan cika ciki kawai yake, ba ya kashe ƙishi." Na san gaskiya ya faɗa. Ni kaina na koma shan ruwa a ɓoye a kicin, ina juya baya kamar ɓarauniya, wani lokaci ina sha ina hawaye. Amma da na tuna idon likitar nan sai zuciyata ta bushe, in jiƙa tsumma in goga masa a leɓe, in ce ya yi haƙuri. Daga baya ya daina roƙo, na ɗauka sabawa ya yi.

Ana nan sai tari ya dawo, ƙasa-ƙasa, da ɗan ɗumin jiki da yamma. Na binciki girkina, na ƙara wa koko kauri har cokali na tsayawa a ciki, a banza. Na tabbata wani ne ke ba shi ruwa a bayan idona, kuma ban yi dogon tunani ba wajen yanke ko wane ne. Ran nan na fito daga wanka na tarar da Yaya zaune kusa da shi da kofi a hannu, ruwa rabi. Ta ce nata ne. Ban saurara ba. Abin da na tara tun zuwanta duk na juye mata, na ce ta kusa kashe shi da ludayi, yanzu tana so ta ƙarasa da kofi. Ta rantse da Alƙur'ani, na ce ta riƙe rantsuwarta. Ta haɗa kayanta tana kuka ta ce Abba ya kai ta tasha. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa ƙaninta, "Na bar ka da Allah, tunda matarka ta fi ni son ka." Alhaji na kujera, hawaye na bin fuskar da ba ta motsi, bai ce uffan ba.

Yaya ta tafi, tari bai tafi ba. Na koma kan abokai, na ce daga yau gaisuwa ta taga. Alhaji Mamman ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Jikoki ma na hana su sashen. Gida ya yi tsit, daga ni sai shi, tari kuma sai gaba yake yi, har ranar da na taɓa goshinsa na ji kamar murhu. Abba ya ɗauko tasi muka koma inda muka fito.

Likitar ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa, ta ɗago ta ce, "Who dey give am water?" wato wa ke ba shi ruwa. Na rantse mata ba mai ba shi, na lissafa mata mutanen da na kora. Ta yi mini kallon wadda ba ta yarda ba, ta rubuta allurai ta wuce.

Washegari la'asar ta yi, ya yi mini alamar salla. Na ɗauko buta da roba, kamar yadda na saba tun da hannunsa ya daina riƙe buta. A gida a kujera 'yar tsugunno yake zama, ni ina tsaye a kansa ina zuba masa, ƙeyarsa kawai nake gani. A asibiti gadon dogo ne, shi yana sama, ni na durƙusa a ƙasa ina tare ruwan da roba. Na zuba masa a tafin hannu, ya kai baki zai kurkure. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Abin da ya tofar a robar bai cika cokali ba.

Na ce, "Alhaji?"

Bai dube ni ba. Ya sake miƙo hannu, wai in zuba na biyu.

Na janye butar. "Alhaji, haɗiyewa kake yi?"

Da ƙyar ya ce, "Ki aika a ba Yaya haƙuri. Ba ita ba ce."

"Tun yaushe?"

"Tun zafin nan."

Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Na manta a ɗakin marasa lafiya nake, na manta maza ne jere a gadaje da masu jinyarsu. Na ce, "Na ɓata da 'yar'uwarka, na kori amininka, an yi mini suna a Agege kaf, na sa wa firij kwaɗo kamar mahaukaciya, ashe ni ce nake zuba maka da hannuna? Kana ji ina cin mutuncin Yaya ka yi shiru? A cikin alwala, Alhaji? Alwala!" Nas ta taso tana cewa, "Madam, wetin happen?" Shi kuwa ya bari sai da numfashina ya ƙare na yi shiru, sannan ya ce, "Ƙishi, Rabi. Ba ki san shi ba." Na zauna a ƙasa da buta a hannu, na rasa ko in rungume shi ko in maka masa ita.

Da aka gaya wa liman ya ce ai kurkurar baki sunna ce, mai larura irin wannan in ya bar ta alwalarsa ta yi. Na aika an tambayo mini hukuncin koko, ban aika a tambayo na buta ba, don ko a mafarki ban kawo ba. Likitar ma da na ba ta labari sai ta ce da na gaya mata ƙishin ya kai haka, da ta gwada shi ta gani ko zai iya tsotsar 'yar ƙanƙara ko kurɓin cokali, a zaune, baki a wanke, ana kallonsa. Na ce, "To me ya hana ki faɗa tun farko?" Ta ce ban tambaya ba. Haka suke, sai ka san tambayar kafin a ba ka amsa, kai da ba ka yi karatun ba.

Saboda haka ku da ke jinyar mai wannan ciwo, abin da na lissafa na zama da kauri da ƙaramin cokali ku riƙe shi da kyau, ya ƙara wa Alhaji watanni masu daɗi. Kada ku ɗura wa wanda ya ƙware ruwa, balle yana kwance, ko wace ce take yi muku ihu. Amma kada ku yi irin tawa, ina gadin ƙofa ban dubi na cikin ɗakin ba. Ranar da mai ciwonku ya daina roƙon ruwa ba sabawa ya yi ba. Ku koma wurin likita ku ce ƙishi ya dame shi, ku nace har a samo masa hanya, in ba haka ba shi zai samo wa kansa.

Saƙon haƙurin na ba wani direba mai hawa arewa ya kai Gwarzo. Huhun kuwa bai tashi ba. Aka sa masa robar abinci ta hanci, aka sa masa iska, ita ma sai Abba ya yi ta zarya kafin a samo tukunya. Alhaji Mamman ya zo ya zauna a gefensa yana share ido da hannun riga, ni da shi ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Wata Juma'a da hantsi likitar ta ja ni gefe ta ce yanzu kam in ba shi duk abin da yake so. Na fita da gudu na sayo ruwa mai sanyi, mai raɓa a jikin leda. Kafin in dawo ya yi nisa, ba ya haɗiyar komai. Na jiƙa auduga na goga masa a leɓe ina yi masa kalmar shahada. Kafin a sauko daga masallaci ya cika.

An kai shi makwancinsa a ranar. Yaya ba ta iso ba sai ana sadakar uku, ƙafafu a kumbure saboda zaman mota. Ina ɗaki a kan tabarma na ji sallamarta, na shirya jin duk abin da za ta faɗa, don ta isa ta faɗa. Na durƙusa na ce, "Yaya, ki yafe mini. Shi ma ya ce a ba ki haƙuri." Ta ɗaga mini hannu alamar in bar wannan. Ta zauna daf da ni, ta yi ƙasa da murya, ta yi tambayar da ta ɗauko tun daga Gwarzo.

"Abu ɗaya nake so in ji, Rabi. An samu an ba shi ruwa? Bai tafi da ƙishi ba?"

Na ce, "Ya sha, Yaya. Ni na riƙa zuba masa da hannuna, kowace salla."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta kama hannun nawa ta riƙe da nata biyu. "Alhamdu lillahi. Ashe zuciyarki ta yi laushi daga baya. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki mai ba ki."

Na ce amin. Yaya ba ta karatun boko, kuma tun da ta koma gida take gaya wa mutane cewa Rabi ta shayar da ƙaninta har ƙarshe. Duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, don girman Allah kada ya karanta mata.